Cinikin Biri a Sama: Rigimar Tetris da Takardun Masu Fasaha a Jos

  Maganarmu ta yau a kan takarda ce. Takardar da ake sa wa hannu idan wani ya ƙirƙiri abu, wani kuma yana son ya ci kasuwa da shi. Za mu shiga ta ƙofar wani fim na Turawa, mu fito a ƙofar gidanmu. Kashin farko, labarin fim ɗin. Kashi na biyu, kalma ɗaya da ta juya dukan cinikin. Daga nan mu dawo Jos, mu ji kuma abin da masu ja da wannan magana za su ce. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, haƙƙin mallaka ba dunƙule yake ba. Yana gutsuruwa. Wanda ya san yana gutsuruwa, shi yake cin riba.

To, ga kashin farko. Sunan fim ɗin Tetris. Ya fito a shekarar 2023 a manhajar kallo ta Apple TV+. Jon S. Baird ne ya ba da umarni, Taron Egerton kuma shi ne jarumin. Ko ba ku ga fim ɗin ba, da yawanku kun san wasan. Ku tuna 'yar na'urar roba mai batir biyu da yara suke rububi a shekarun 1990, wadda ake rubuta wa dubban wasanni a goshi alhali kusan duk abu ɗaya ne. Tubala suna faɗowa daga sama. Kana juya su, kana jera su. Layi ya cika, sai ya ɓace. Ka yi sake, su taru har rufi, wasa ya ƙare. Siffofin tubalan bakwai ne kacal, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu. Wannan shi ne Tetris, ko kuwa kwaikwayonsa, don yawancin waɗanda suka iso kasuwanninmu kwaikwayo ne. Wanda ya ƙirƙire shi sunansa Alexey Pajitnov. Ma'aikaci ne a cibiyar kwamfuta ta hukumar kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, a birnin Mosko. Ya haɗa wasan a tsakiyar shekarun 1980, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai suna Elektronika 60, wadda ko hoto ba ta iya nunawa, sai da alamomin rubutu ya zana tubalan. Wani yaro ɗan makaranta, Vadim Gerasimov, ya taimaka aka mayar da wasan kan kwamfutar IBM. Daga nan ya bazu hannu da hannu, kamar yadda waƙa take bazuwa a wayoyi yau. A ƙasar kwaminisanci ake. Abin da ma'aikaci ya yi da kayan gwamnati, a ofishin gwamnati, ba shi da ikon kai shi kasuwa. Pajitnov ya miƙa haƙƙin wasan ga hukuma na tsawon shekara 10. Ku riƙe wannan shekara 10 ɗin, za mu dawo kanta.

A 1986 wani ɗan kasuwa daga Landan, Robert Stein, ya ga wasan a ƙasar Hangari. Ya gane akwai kuɗi a ciki. Ya aika saƙo Mosko, aka ba shi amsa mai nuna ana sha'awar magana. Shi kuwa ya ɗauki amsar a matsayin an sallama. Kafin a sa hannu a komai, ya riga ya sayar wa kamfanin Mirrorsoft na attajirin jaridu Robert Maxwell a Birtaniya, da ɗan'uwan kamfanin a Amurka, Spectrum HoloByte. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Su ma waɗanda suka saya suka ci gaba da sayarwa. Mirrorsoft ya ba kamfanin Atari Games. Atari ya yanka ya ba wasu a Japan. A cikin masu sayen har da Henk Rogers, ɗan asalin Holan mai ƙaramin kamfani a Japan, wanda ya fara ganin wasan a wani baje-kolin kayan lantarki a Las Vegas a 1988. Sai a shekarar 1988 ɗin nan Stein ya samu sa hannun ELORG, wato hukumar Sobiyet mai kula da cinikin kayan kwamfuta da ƙasashen waje. Abin da aka ba shi kuwa, izinin sayar da wasan a kan kwamfuta ne.

A nan sai mu tsaya mu fassara kalmar lasisi, don ita ce ƙashin bayan maganar. Lasisi izini ne. Ba sayarwa ba ne. Ku ɗauki mai bishiyar mangwaro. Ɗan kasuwa ya zo tun 'ya'ya suna ɗanye, ya yi cinikin 'ya'yan bana. Ya biya, ya sa masu tsinka, ya loda mota ya tafi. Baɗi in ya dawo, sabon ciniki ne. Bai sayi bishiyar ba. Ba shi da ikon sare reshe ya yi itace. Ba shi da ikon kafa rumfa a inuwar. Haka wasa yake, haka fim, haka waƙa, haka littafi. Izinin sa wasa a kwamfuta daban. Izinin sa shi a na'urar da ake jonawa da talabijin daban. Na 'yar na'urar hannu daban. Na Japan daban, na Amurka daban. Na shekara biyar daban, na har abada daban. Bishiya ɗaya ce, amma ciniki ya fi goma.

Yanzu ga kashi na biyu. A watan Fabrairun 1989 mutum uku suka sauka Mosko a mako guda, kowa bai san da zuwan ɗan'uwansa ba. Akwai Stein. Akwai Kevin Maxwell, ɗan attajirin nan. Akwai Henk Rogers, wanda ya shigo da bizar yawon buɗe ido, ba tare da an gayyace shi ba. Abin da ya kawo Rogers shi ne kamfanin Nintendo yana shirin fitar da 'yar na'urar hannu mai suna Game Boy, shi kuma ya shawo kansu cewa Tetris ne wasan da ya dace a haɗa da ita. Ya isa ofishin ELORG, ya haɗu da wani jami'i, Nikolai Belikov. Don ya nuna shi ba baƙo ba ne a harkar, sai ya zaro kaset ɗin Tetris da yake sayarwa a Japan, na na'urar talabijin, ya ajiye a tebur. Belikov ya duba. Ya ce hukumarsu ba ta taɓa ba kowa izinin wannan ba. Ku auna halin da Rogers ya shiga. Ya zo neman sabon ciniki, sai ga shi riƙe da kayan da mai su yake cewa ba a sallama ba. Abin da ya yi shi ne ya amsa, ya bayyana daga hannun wa ya saya, ya rubuta cakin kimanin dala dubu 40 na kason abin da ya riga ya sayar. Wannan ya saya masa yarda, har da ta Pajitnov.

Belikov kuwa ya koma kan tsohuwar takardar Stein. Ya ga an rubuta kwamfuta, amma ba a faɗi mece ce kwamfuta ba. Ƙofar da aka bi ke nan. Duk na'urar wasa ai akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a cikinta, don haka mai son rigima zai iya cewa ita ma kwamfuta ce. Sai Belikov ya shirya gyara ga yarjejeniyar. Ya cika gyaran da maganar tara idan an yi jinkirin biya. A tsakiyar wannan ya saka layi ɗaya, mai fassara kwamfuta da cewa na'ura ce mai allon kallo, da allon buga rubutu, da wurin sa faifai, da sauransu. Hankalin Stein ya tafi kan tarar. Ya sa hannu. Da wannan layin, na'urar talabijin ta fita daga hannunsa, ta fita daga hannun duk wanda ya saya daga gare shi. Rogers ya samu izinin na'urar hannu. A watan Maris, manyan Nintendo na Amurka, Minoru Arakawa da Howard Lincoln, suka je Mosko suka ɗaure izinin na'urar talabijin. Robert Maxwell ya yi kumfar baki, ya kai kuka har wurin manyan gwamnatin Sobiyet, bai canza komai ba. Reshen Atari mai suna Tengen ya riga ya buga nasa kaset ɗin ya kai kasuwa. A watan Yunin 1989 wata kotu a Amurka ta hana shi sayarwa, aka kwashe kaya aka jibge a sito. Tetris na Game Boy kuwa ya sayu kimanin kwafi miliyan 35. Kalma ɗaya, masu sauraro. Kalmar kwamfuta. Pajitnov fa? A duk wannan ruwan kuɗi, bai samu kaso ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu dawo gida, kashi na uku ke nan. Wani zai ce ina ruwan Jos da rigimar Mosko. Jos garin fim ne tun kafin a san kalmar Kannywood. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, wadda aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a watan Janairun 2024. A nan makarantar koyon aikin fim ta ƙasa take, a nan kwalejin talabijin ta NTA take. A yankin nan aka ɗauki wasan talabijin na Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980. Garin ya ba fim ɗin Hausa jarumai, da masu ɗaukar hoto, da masu tacewa, da duwatsun da ake rawa a kansu. Kuma abin da ya faru da kalmar kwamfuta ya faru da mu, sau uku ma. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kasuwar fim ɗin Hausa a kan kaset ta tashi. Furodusa ya buga kwalin kaset, ya kai wa 'yan kasuwa, su gurza su sayar. Da faifan CD ya shigo, sai ya zama ɗan kasuwa yana biyan kuɗi a dunƙule ya karɓi fim. Sau da yawa da baki ake gama magana, ko da 'yar takarda mai layi biyu, wai na sayar wa wane fim kaza a kan kuɗi kaza. Lokacin babu wanda ya yi tunanin tashar tauraron ɗan'adam mai nuna shirye-shiryen Hausa dare da rana, irin Arewa24 da ta buɗe a 2014. Babu wanda ya yi tunanin YouTube, inda tsohon fim zai riƙa kawo kuɗin talla duk wata. To, wannan 'yar takarda mai layi biyu, me ta sayar? 'Ya'yan bana ko bishiyar? Ɗan kasuwa zai ce fim ya saya, kuma fim fim ne ko a ina aka haska shi. Furodusa zai ce shi faifai ya sallama. Kowa yana da gaskiyarsa, domin takardar ba ta raba gardama ba. Mawaƙin da ya yi waƙar fim ɗin, da marubuciyar da aka ɗauko labarin daga littafinta, su ko a cikin gardamar ma ba a sa su.

Dokar ƙasa ta san wannan gutsurawa. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce mai haƙƙi yana iya ba da wani ɓangare kawai, ko na wani lokaci, ko na wani yanki. Ta ce sallama haƙƙi, ko ba mutum ɗaya izinin da babu mai tarayya da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Ku sake ji, sai a rubuce. Ta ce haƙƙin yana samuwa ne da zarar an yi aikin an adana shi, ba sai an yi rajista ba, ko da yake rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana taimakawa wajen kafa hujja. Manhajar kwamfuta ma tana cikin abin da dokar take karewa. Saboda haka matashin da ke zaune da kwamfutar cinya a Farin Gada ko Rikkos yana haɗa ɗan wasan dara ko na langa don waya, maganar nan tasa ce kai tsaye. Ranar da wani zai kira shi ya ce zai saya, tambayoyin Belikov ne ya kamata su zo masa. A kan wace na'ura? A wace ƙasa? Shekara nawa? Kai kaɗai, ko zan iya ba wani? Za ka iya sayar wa na gaba ba tare da sanina ba? In ka ƙi biya, me zai faru?

Yanzu bari mu saurari masu ja, don suna da hujja. Na farko zai ce mu mutanen amana ne. Neman takarda wurin wanda kuke sallah sahu ɗaya, ko wanda ya ɗauke ka tun kana yaron shago, cin fuska ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma amana ita ta riƙe kasuwancin Hausawa daga Kano har Gwanja shekaru aru-aru. Sai dai amana tana aiki ne a kan abin da mutum biyu suka fahimta lokacin ciniki. Matsalar haƙƙin fasaha ita ce abin da ake rigima a kai galibi bai ma wanzu ba ranar da aka yi cinikin. Mutum biyu masu gaskiya za su iya saɓawa a kan YouTube, domin ranar da suka tafa babu YouTube. Sannan mutane suna mutuwa, magada su gaji gardamar ba su gaji fahimtar ba. Ga Musulmi ma, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba a saukar da ita don ana zargin kowa ba. Mai sayen fili a Jos ba ya jin kunyar neman takarda da sa hannun mai unguwa, kuma garin nan ya san abin da rigimar fili take haifarwa. Ban ga dalilin da zai sa a ji kunyar takarda a kan fim ba.

Na biyu zai ce fim ɗin kansa ai shaci-faɗi ne. Gaskiya ne, an sa gishiri. Tseren motoci da jami'an leƙen asiri a titunan Mosko bai faru ba. Ko Moskon ma ba Mosko ba ce, a Sikotilan aka ɗauki fim ɗin, a biranen Glasgow da Aberdeen. Ina ma da ƙorafin da ya fi wannan. Fim ɗin ya mai da dillali gwarzo, ya bar mai ƙirƙira a gefe kamar ɗan rakiya. Amma ginshiƙan labarin suna nan a tarihi, da zuwan mutum ukun, da kaset ɗin da aka ajiye a tebur, da layin da ya fassara kwamfuta, da hukuncin kotu. Abin dariya kuma, fim ɗin da aka yi a kan rigimar haƙƙi shi ma bai tsira ba. Wani marubuci, Dan Ackerman, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin wasan a 2016, ya kai masu fim ɗin kotu a 2023, yana cewa daga littafinsa suka kwasa. Kotun New York ta kori ƙarar a 2025. Dalilin shi ne abin da ya faru a tarihi ba mallakar kowa ba ne. Yadda ka tsara shi da kalmominka, shi ne naka. Wannan bambanci yana da amfani gare mu, mu da muka daɗe muna ɗebo daga fina-finan Indiya. Labarin auren dole ko na kishiya kowa yana iya yin nasa. Ɗauko fim ɗin wani sukutum, a ɗora masa muryar Hausa a sayar ba da izini ba, wannan shiga gonar mutane ne, kuma mai yin haka bakinsa ya yi nauyi ranar da aka shiga tasa.

Na uku zai ce takarda ba ta hana sata. Je ka kowace kasuwa, za ka tarar da mai rumfa da kwamfuta yana tura fina-finai a waya a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Wace kotu za ta bi su? Na yarda, takarda ba ta kama ɓarawo. Tetris ma an yi kwaikwayonsa ba adadi, mun faɗa tun farko. Sai dai kuɗi mai kauri ba a rumfar tura fim yake ba. Yana wurin tashoshin talabijin, da manhajojin kallo, da kuɗin tallar intanet. Waɗannan kuwa tambayarsu ta farko ita ce wa ke da haƙƙi, ina shaida. Ko rahoton da ake kai wa YouTube a sauke fim ɗin da aka ɗora ba izini, sai mai iya nuna nasa ne yake cin nasara. Wanda ba shi da takarda, ya rasa na ɓarawo, ya rasa na mai son biya.

Na huɗu shi ne mafi ƙarfi, shi ya sa na bar shi ƙarshe. Zai ce duk wannan maganar mai ƙoshi ce. Yaron da ya ci bashi ya yi fim, masu bashi suna sallama a ƙofar gida, ba shi da bakin gindaya sharaɗi. Abin da aka miƙo masa shi zai karɓa. Haka ne, mai buƙata ba ya ciniki da ƙarfi. Amma ku dubi Pajitnov. Babu wanda ya kai shi rauni. Gwamnatin Sobiyet ce a gabansa, ba ɗan kasuwa ba. Bai iya sa farashi ba, bai iya neman kaso ba. Abu ɗaya ne ya shiga takardarsa, wa'adi. Shekara 10. Wa'adi shi ne sharaɗi mafi arha, domin mai saye yana kallon ribar bana da baɗi, ba kasafai yake faɗa a kan abin da zai faru bayan shekara biyar ko goma ba. Furodusan da ba zai iya ƙara naira ɗaya a kan tayin da aka yi masa ba, yana iya cewa a rubuta shekara biyar, a rubuta Najeriya, a rubuta talabijin kawai. In mai saye ya ce shi har abada yake so, kuma a ko'ina, to ya faɗi da bakinsa cewa bishiyar yake nema, sai a yi masa kuɗin bishiya. Pajitnov ya koma Amurka a 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta rushe, shekarar da Robert Maxwell ya mutu a teku aka gano ya wawure kuɗin fanshon ma'aikatansa. Wa'adin ya cika. A 1996 aka kafa The Tetris Company tare da Henk Rogers, a lokacin ne Pajitnov ya fara karɓar kasonsa, fiye da shekara goma bayan tubalin farko ya faɗo a allon Elektronika 60. Har yau duk mai son ya sa sunan Tetris a waya ko a na'ura, ƙofar wannan kamfani yake ƙwanƙwasawa.